Jakar da Ta Daina Ƙara

Jan Biro ɗalibai suke ce mata, kuma tun shekararta ta farko a aji ta san da sunan. Ba ta taɓa nuna ta sani ba, sai dai duk wanda ya kira ta da shi a inda kunnenta ya kai, washegari takardarsa za ta dawo masa jajawur kamar an yanka kaza a kanta. Insha'i take koyarwa a wata sakandare ta maza da mata, gini mai hawa biyu wanda fentinsa ya daɗe da sallama, ajujuwan sama na kallon rufin gidajen unguwa, na ƙasa na kallon katanga. Gajeruwar mace ce mai tabarau, ba ta da fara'ar banza, kuma ko ɗan shugaban makaranta ne ya yi rubutun shirme sai ta gaya masa shirme ya yi.

Ubanta mai gyaran rediyo ne. A shagonsa ta tashi, cikin warin dalma da tarkacen akwatunan da masu su suka manta da su. Tsohon ba ya kwance rediyo sai ya kunna ya saurare shi tukuna, ya ɗaga mata yatsa ta yi shiru, sannan ya faɗi abin da ya ƙone a ciki tun bai ɗauki sukudireba ba. Ba ta gaji shagon ba, ƙanenta ne ya gada ya mayar da shi wurin cajin waya, amma ta gaji kunnen. Ita ma ba ta yi wa takarda maki da ido kawai. A hankali take karantawa, leɓenta na motsi, kuma kafin ta kai ƙarshen sakin layi na farko ta san mai rubutun, ta san ko ya yi barci jiya, ta san ko an yi faɗa a gidansu.

Daga nan ne al'adarta ta ranar Alhamis ta samo asali. Takan zaɓi wasu takardu, ta naɗe wurin sunan, ta karanta wa aji a fili, su kuma su canki wanda ya rubuta. Yara na son abin fiye da hutun tara. Akwai mai fara kowace jimla da "to", akwai wadda ba ta iya rufe labari sai wani ya mutu a ciki, akwai wanda ko a kan tsaftar muhalli aka ce ya yi rubutu sai ƙwallo ta shigo. Ana dariya, ana musu, wanda aka gano ya sunkuyar da kai yana murmushi, kuma a haka kowa ya san yana da murya tasa da ba ta kowa ba. Doka ɗaya ta kafa wa kanta, ba ta taɓa rubuta ta a ko'ina ba: takardar da ke da ciwo a ciki ba a karanta ta a aji. Irin wannan sai ta sa a aljihun teburinta na ƙasa, ta nemi yaron a keɓe. Shekaru masu yawa ta yi tana riƙe da dokar nan, har ta yi furfura a kanta.

Mijinta ne ya fara shigo da sabon abin cikin ɗakin malamai. Shi ma a makarantar yake, labarin ƙasa yake koyarwa, yara na ce masa Taswira saboda sanƙon kansa mai tabo-tabo. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, amma duk wani sabon abu da ke da maɓalli sai ya danna. Wata safiya ya zo yana washe baki, ya ce akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ka gaya mata abin da kake so ta rubuto maka shi kafin ka ajiye kofin shayi. Malamai maza suka yi dafifi a kan wayarsa kamar ana nuna wasan ƙarshe. Wannan ya ce a sa ta tsara masa darasin mako, wancan ya ce a sa ta yi masa tambayoyin jarrabawa, malamin lissafi ya ce a tambaye ta ko za a ƙara albashi. Aka bushe da dariya.

Malamai mata suna can ɗaya ɓangaren, wajen taga, inda butar shayi take. Ba su tashi ba. Ba wai ba su gane abin ba ne, yadda mazan suka ɗauka. Tambayoyinsu ne suka sha bamban. Mazan na tambayar me abin zai iya yi musu. Matan na tambayar me za a iya yi wa mutum da shi, da kuma wa za a ɗora wa laifi idan ya yi ƙarya a gaban yara. Wata sabuwar malamar kimiyya, yarinya ƙarama, ta raɗa wa Jan Biro cewa ita ta jima tana amfani da shi a gida, amma ba za ta faɗa a nan ba. Namiji ya yi, a ce ya waye. Ita ta yi, a ce raguwa ce, ba ta san aikinta ba. Jan Biro ta ji haushin maganar, don ta san gaskiya ce.

Ba a jima ba abin ya sauka ajujuwa. Yara maza suka raɗa masa suna Ɗan Aike, suna alfahari da shi a fili, har gasa suke yi ta wanda zai gama aikin gida tun kafin malami ya fita daga aji. Mafi yawansu suna da wayoyinsu. 'Yan matan kuwa wayar yaya ko ta uwa suke ara, kuma duk abin da suka tambaya yana nan a ajiye, mai wayar zai gani da yamma ya yi ta tsokana ko ya kai ƙara. Da aka kama wani yaro ya kwafo aikin tarihi, mataimakin shugaba ya ja masa kunne yana dariya, ya ce ɗan banza akwai wayo. Da aka kama wata yarinya da laifi iri ɗaya, ubanta aka kira, aka yi ta maganar tarbiyya da amana a ofis ƙofa a buɗe, ta fito idanu jajur. Sauran 'yan matan sun gani, sun kuma ɗauki darasin da aka ba su.

Ranar Alhamis ta fara lalacewa. Jan Biro ta ɗauki takarda ta karanta, sai ta ji jimloli sumul, ba tuntuɓe, ba numfashi, kowace ta fara da zamanin nan da muke ciki ta ƙare da wajibi ne mu haɗa hannu. Aji ya yi shiru, ba mai iya canka, don ba kowa a cikin rubutun. Mai "to" ya daina cewa "to". Mai ƙwallo ya rubuta shafi biyu a kan ruwan sama ba ko gola ɗaya. Takardun 'yan mata kaɗai ake ganewa, tunda su ne har yanzu suke rubutawa da hannunsu da cikinsu, sai ya zama wasan da a da yake tona kowa yanzu su kaɗai yake tonawa. Maza na zaune a bayan Ɗan Aike kamar masu leƙe ta labule, suna dariyar duk wadda aka gano. Ɗaya bayan ɗaya 'yan matan suka fara komawa wurinsa su ma. Ba don sun so shi ba. Wurin ɓuya suka nema. Jan Biro tana jin muryoyin suna ɗaukewa mako bayan mako, kuma abin yana ba ta tsoro fiye da yadda take faɗa.

A cikin waɗanda suka rage akwai wata da ake kira Tsit, don sai a yi wuni ba a ji bakinta ba. Siririya ce, tana zama a layi na biyu kusa da bango. Ba ta makara, amma da an kaɗa ƙararrawar tashi ita ce ta farko a bakin ƙofa, ba ta tsayawa hira, ba ta zuwa gidan kowa, ba ta kuma gayyatar kowa nasu. Abin da kowa ya sani game da ita shi ne jakarta. Baƙar jaka ce ta goyo, kuma duk sanda ta ajiye ta ko ta ɗauka sai an ji wani ƙarfe ya bugi gwangwanin kayan lissafinta, ƙwal. An saba da ƙarar har an daina jin ta. Jan Biro kaɗai ce ba ta daina ba, don kunnenta ba ya sabawa da abin da bai gane ba.

Saboda haka ne ma, in za a faɗi gaskiya, ta ba ajin aikin gida mai taken "Abin da ke cikin jakata". Maza suka kawo mata jakunkuna cike da ilimi da buri da makomar al'umma. Tsit ta kawo shafi ɗaya da rabi da ƙananan haruffa. Ta ce a jakarta akwai littattafai, da makullin ɗakinsu, da kwalin ashana, da kan ƙaramar tukunyar gas, wannan ƙarfen da ake murɗawa a saman tukunya a ɗora girki. Kullum da safe, bayan ta dafa wa mamarta abin kari, sai ta jira ya huce, ta kwance shi, ta sa a jaka. Mamarta ta fara mantuwa tun bara. Takan kunna wuta ta tafi ninke kaya, takan buɗe gas ta tsaya tana tunanin abin da ya kawo ta wurin. Wata rana labule ya kama. Babanta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana a gida ba, kuma ya ce kada a faɗa wa kowa, don idan mai gidan hayar ya ji zai tashe su. Don haka take kulle mamar ta waje, ta tafi da wutar gidan a bayanta. A ƙarshe ta rubuta cewa jakar na da nauyi, amma idan ta ji ƙarar ƙarfen a aji hankalinta yakan kwanta, don ta san yana tare da ita, ba ya can.

Jan Biro ta karanta a ɗakin malamai ranar Laraba, ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Ba ta sa jan biro ko sau ɗaya ba, ko da yake akwai kurakurai. Ta koma aji ta buɗe aljihun ƙasa na teburinta ta ajiye takardar, ta ƙudura gobe bayan darasi za ta zauna da yarinyar, su san wanda za a nema cikin dangi, su san asibitin da za a je. Da abin ya tsaya a nan, da wannan labarin bai da abin faɗa.

Amma a ranar ne aka yi taron malamai, shugaba ya ce yana tunanin daga zango mai zuwa manhaja ce za ta riƙa yi wa insha'i maki, don a huta da jinkiri da son kai. Bai kalle ta ba, kowa kuwa ita ya kalla. Taswira, maimakon ya yi shiru ko don zaman gida, sai ya ce ai gaskiya abin ya fi duk yaran makarantar nan iya rubutu, kuma ya yi imani ko ita Malama, da kunnen nata da ake ji da shi, in aka haɗa mata takardu ba za ta bambance ba. Cikin raha ya faɗa, mazan suka yi dariya, matan suka dubi ƙasa. A hanyar gida ya yi ta ba ta haƙuri, ya ce wasa yake yi. Maganar ta kwana tana ci mata rai, ta tashi da ita.

Ranar Alhamis ta karanta takarda ta farko, ba wanda ya canka. Ta biyu ma haka. A ta uku wani yaro da ake kira Lasifika, dogo mai bakin da ba ya rufuwa, shugaban masu Ɗan Aike, ya ɗaga hannu ya ce shi ya gano: Ɗan Aike ne ya rubuta, kuma shi ne ya rubuta ta farko da ta biyu, don haka a ba shi kyauta ya kai masa. Ajin ya ɗauki shewa. Lasifika ya ƙara da cewa Malama ta yi haƙuri, zamanin rubutu da gumi ya wuce, mutum ba zai fi inji ba.

Fushi ba ya shawara da kowa. Jan Biro ta sunkuya ta jawo aljihun ƙasa. Ta gaya wa kanta cewa farkon kawai za ta karanta, wurin littattafai da makulli, don su ji yadda rubutun ɗan adam yake numfashi, su ji abin da injinsu ba zai taɓa yi ba. Ta naɗe sunan. Amma rubutu mai kyau yana jan mai karatu, ita kuma rabonta da irinsa a bakinta ya daɗe. Ta wuce makulli, ta wuce ashana, ta wuce labulen da ya kama. Ajin ya yi tsit, irin shirun da ta yi watanni tana nema, har ta ji daɗinsa, kuma wannan jin daɗin shi ne abin da ba ta yafe wa kanta ba daga baya. Da ta kai jimlar ƙarshe ta ɗaga kai. A layi na biyu yarinyar ta janye ƙafarta don ta ƙara maƙalewa a bango, ƙafar ta taɓa jakar, ƙarfen ya ce ƙwal. Ba wanda ya buƙaci canka. Duk ajin ya juya.

Kafin ranar Litinin Ɗan Aike ya yi aikinsa. An sa shi ya tsara waƙa a kan yarinya mai goyon tukunyar gas da uwarta mai kunna labule, da amshi mai daɗin rerawa, an kuma sa shi ya zana hoton wata ɗaliba cikin kayan makarantarsu, tukunyar gas a madadin kai. Abin ya bi wayoyi har ajujuwan ƙasa. Tsit ta tashi daga Tsit ta koma Silinda, wato tukunyar gas. In ta wuce a baranda sai wani ya bugi ƙarfen taga da biro, ƙwal, sauran su ƙyalƙyale.

A ɗakin malamai mazan suka ce ƙuruciya ce, yara maza sai a hankali, mako biyu an manta. Taswira har ya fara cewa amma fa waƙar ta tsaru, sai ya ga idon matarsa ya haɗiye sauran. Matan sun fusata ƙwarai, sai dai shawararsu ita ce a rufe maganar, don in aka kai ta ofis sunan yarinyar ne zai ƙara yawo, ba na Lasifika ba, kuma daga ofis zuwa kunnen mai gidan haya ba nisa. Jan Biro ta ƙwace wayoyi biyu, aka dawo wa masu su da su kafin a tashi. Ta tare Tsit a ƙasan bene ta ce ta yi kuskure, ta roƙe ta su zauna su yi magana. Yarinyar ta dubi takalmanta ta ce ba komai Malama, ai ƙirƙira ta yi, ba gaskiya ba ne, mamarta lafiyarta ƙalau. Cikin ladabi ta faɗa, ta rusuna, ta wuce. Jan Biro ta gwammace a ce zaginta ta yi.

Aikin makon nan takensa "Gidanmu". Ranar Alhamis ba ta yi wasan canka ba, kuma ba wanda ya tambaya. Ta rubuta musu aiki a allo, ta zauna tana bin takardu, tana jinkirta kaiwa ga wadda take tsoro. Da ta kai, hannun na Tsit ne, ƙananan haruffan nan, amma muryar ba tata ba ce. Gidansu wuri ne mai cike da farin ciki da ƙaunar juna. Akwai furanni a ƙofa. Mahaifiyarta mace ce mai hazaƙa da kula, tana dafa musu abinci mai gina jiki, kuma da yamma iyali kan taru su tattauna al'amuran yau da kullum. A wayar yayan yarinyar da suke zama benci ɗaya aka yi shi, ta kwafe da hannu, ba kuskure ko ɗaya. Jan Biro ta riƙe bironta a sama ta rasa inda za ta sa shi. Tagar da take leƙa ɗakin nan ta cikinta an rufe, kuma ita ce ta sa aka rufe.

Tana cikin haka alli ya ƙare, ta ce wani ya karɓo a ofis. Ba ta san dalilin da ya sa ta kira Tsit ba, wataƙila don ta ga fuskarta. Yarinyar ta miƙe, ta ɗaga jakar daga ƙasa ta ɗora a kan benci don ta sami hanyar fita. Jakar ta sauka a kan katako laƙwas, kamar an ajiye filo.

Jan Biro ta ji shirun kamar yadda ubanta yake jin waya ta tsinke a cikin akwati. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ta ji ƙarar nan daga jakar, ba daga bakin taga ba, ta kasa. Ta bi yarinyar baranda, ta jawo ƙofar aji ta rufe.

"Ina kan gas ɗin?"

Sai da Malama ta sake tambaya, sannan Tsit ta ce, "Yana gida. Ƙara yake yi, Malama."

"A kan tukunyar kika bar shi?"

"Na ɓoye shi ranar Litinin, ta yi ta kuka tana nema, ta ce ɓarayi sun shigo. Sai na mayar. Amma ashana tana wurina. Ita ba ta ƙara."

Jan Biro ba ta koma ta ɗauki mayafinta na sama ba, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ce wa yarinyar ta ɗauko makulli. Maigadi ya fara maganar takardar fita, ta kalle shi sau ɗaya ya buɗe. Taswira ya hango su daga bene ya kira ta, ba ta waiga ba. Sai a titi ta lura takardar "Gidanmu" na nan a hannunta, ta duƙunƙune ta ba ta sani ba.

Gidan ba nisa, amma hanyar ta yi mata tsawo. Suka bi ta layin masu gyaran taya, suka ratsa ta gaban kantin magani, suka shiga wani lungu inda mai walda ke aiki a bakin wani dogon gidan haya, tartsatsi na tashi har kan matakala. Nan ne, in ji Tsit, hawa na sama, ɗakin ƙarshe. Jan Biro ta tsaya ta ce wa mai waldar ya kashe injinsa don Allah. Ya ɗaga gilashin fuskarsa zai yi musu, sai ya dubi yarinyar, ya dubi sama, ya kashe. Ashe unguwar ba ta jahilci abin ba kamar yadda baban yarinyar yake zato.

Matakalar duhu gare ta, da igiyoyin shanya da bokitai a kowane lungu. Tun a hawa na tsakiya warin ya tare su, wannan warin mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, yana ƙaruwa da kowane taki. Tsit ta fara gudu, Jan Biro ta riƙe mata hannu, don gudu ba ya buɗe kwaɗo. A ƙofar ƙarshe makullin ya ƙi shiga. Daga ciki aka ji takun mutum, sannan wata murya mai taushi, cikin fara'a, irin ta matar da ta saba karɓar baƙi.

"Ke ce, 'yar albarka? Na ɗora ruwa tun ɗazu, na rasa inda ashana ta shiga. Ɗakin ma ya yi duhu, bari in kunna fitila in duba."

Jan Biro ta matsa kusa da ƙofa. Ita da ta yi shekaru tana cika aji da magana, ba ta san kalmar da za ta tsayar da hannun matar nan daga makunnin lantarki ba, alhali tartsatsinsa ɗaya ya isa ya tada gas ɗin. Yarinyar ce ta manna goshinta a jikin ƙofa, ta yi magana a hankali, ba gaggawa, kamar mai lallashin jariri. Ta ce Mama ki bar fitilar, na zo da baƙuwa, kuma kin san ba ki ɗaura ɗankwali ba. Koma bakin gado ki zauna ki ɗaura, kada ta gan ki haka. Sai aka ji 'yar dariyar kunya, takun ya juya ya yi nisa da ƙofa, gado ya yi ƙara. Jan Biro ta karɓi makullin ta buɗe.

Ba furanni a ƙofar. Ɗaki ɗaya ne da labule mai ƙonannen gefe, tukunyar gas a kusurwa tana huci, tukunyar ruwa mai sanyi a kanta. Tsit ta murɗe kan, ta tura tagogi, ta kamo mamarta suka fito baranda, duk cikin ɗan lokaci, da hannun wanda ya saba. Matar kyakkyawa ce, ba ta tsufa ba, ɗankwalinta a karkace. Ta gaida Jan Biro da hannu biyu, ta tambayi mutanen gida, ta ce a yi haƙuri ba a kawo ruwa ba, yarinyar nan ce ba ta jin magana, kullum sai ta kwashe mata ashana.

Suka zauna a kan matakala su uku suna jiran warin ya fita. Jan Biro na so ta ce za ta kira baban, za ta nemo likita, za ta je wurin shugaba a kan Lasifika, za ta yi duk abin da ya kamata ta yi tun ranar Laraban can, kuma za ta yi ɗin. Amma ta san ba wannan ne abin da ya karye ba. Tsit ta koma ciki, ta fito da kan gas ɗin a hannu, ta zauna tana juya shi. Ta dubi takardar da ke duƙunƙune a hannun malamarta, ta gane ta. Sannan, karo na farko tun da ta shigo makarantar, ta dubi Jan Biro ido cikin ido. Ba fushi a fuskarta, tambaya ce kawai take so ta san amsarta kafin gobe.

"Malama, wannan na yau ma za ki karanta musu?"